Awon Wata a Bayan Katanga

Alhamis, 10 ga Oktoba, 11:20 na safe

Don shirya darasi na sayi littafin nan. Yau zai ɗauki abin da ba darasi ba, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ƙarfe tara Aziza ta kira ni. Ita ce wakiliyar ajin da nake koyarwa ta intanet, gabatarwar ilimin sararin samaniya, kwas ɗin dolen da jami'a ta ɗora wa 'yan shari'a da 'yan Larabci da 'yan tarihi, don kada su karɓi digiri ba su san wa ke zagaya wa ba tsakanin ƙasa da rana. Su tamanin da uku ne. In Aziza ta kira, na san roƙon ƙarin lokaci ne. Yau ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Malama, an tafi da Malam Sharhabil na ajinmu jiya bayan magariba."

Na ce su wa?

"Mutanen katangar nan ta bayan unguwarmu. Yana tsaye a filin ƙwallo da abin awonsa suka zo da mota."

Ni na tsara aikin, kuma har alfahari na yi da shi. Ba mu da ɗakin gwaji, ba mu da madubin hangen nesa, sai na ce kowa ya haɗa nasa ma'aunin: abin auna kusurwa na akwatin lissafi, da bututun shan lemo, da zare, da ɗan noti a rataye. Na rubuta musu: "Ka zaɓi dogon abu da ba ya motsi, kamar hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis ko tankin ruwa. Ka tsaya a wuri ɗaya kullum ƙarfe bakwai saura kwata na yamma, kwana goma sha huɗu. Ka zana abin, ka zana wata kusa da shi, ka rubuta tsayin watan da ɓangaren da yake."

A unguwarsu, abin da ya fi komai tsayi ta kudu maso yamma shi ne dogon ƙarfen da ke cikin wancan wurin. Ba zan rubuta sunan wurin ba. Kwana biyar a jere mutum yana zuwa lokaci ɗaya, yana leƙen katangarsu ta cikin bututu, yana rubuta lambobi. Ni kaina in aka ba ni gadi, me zan ce?

Alhamis, 4:05 na yamma

Na kira Farfesa Labaran, shugaban sashenmu. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da bai saba ba.

"Dakta, sun kira ki?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Sun rubuto mana?"

"Ban ji ba."

"To ki natsu. Wata ƙila gobe su sake shi. Amma ki sauke aikin nan daga shafin kwas, kada wani ya sake zuwa ya tsaya inda bai kamata ba. Shawara ce fa, ba a rubuce na ba ki ba."

Sanarwa guda ta isa ta hana sauran fita. Na san haka. Na tura sanarwar tun ƙarfe goma.

Alhamis, 4:40 na yamma

Na sauke. Ba ɓoyewa na yi ba, gogewa na yi. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 3:30 na yamma

Ba su sake shi ba.

Na gaya wa mijina, Baban Humaira, bayan ya dawo masallaci. Shekara ashirin da huɗu yana aikin gwamnati, ya iya sauraron masifa kamar yana karanta takardar hutu. Sunansa yana cikin waɗanda za a tantance don muƙamin darakta a watan gobe. Bai ambaci wannan ba, ni ma ban ambata ba, amma maganar tana zaune tare da mu a falo.

Ya ce, "Rahmatu, wanda ba a kira ba, ba ya kiran kansa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Za su bincika, su ga ba komai."

Na ce in ba su gani ba fa?

"Sai su nemi jami'a, jami'a ta neme ki. Komai da hanyarsa."

Daɗi na ji da ya faɗi haka. Abin da nake so a faɗa min ke nan, shi ya sa na tambaye shi, ban tambayi yayata ba. Ban gaya masa na goge aikin ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, 12:15 na rana

Wata mota ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe ta ba. Ina yanka albasa, sai na tsinci kaina a bayan ƙofar sito da wuƙa a hannu. Masu karanta mita ne.

Ina da shekara tara aka zo aka tafi da Baba "amsa 'yan tambayoyi". Silifas ne a ƙafarsa. Bayan wata huɗu ya dawo, kuma har ya rasu bai ƙara zama ya ba ƙofa baya ba. Ba hujja nake kafa wa kaina ba. Ina rubutawa ne kawai.

Litinin, 14 ga Oktoba, 1:10 na rana

Na yi aji. Baƙaƙen akwatuna ne a allo kamar kullum, kowanne da suna a ƙasa. Ba wanda ke kunna kyamara: data tsada, sabis sai a hankali, wasu kuma na san daga kan katifa suke neman ilimi. Mako shida ina koyar da mutanen da ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Da muryoyi na san su.

Akwatinsa babu. Sharhabil malamin Islamiyya ne, ba yaro ba, Larabci yake karanta. Ba shi da babbar waya, a kwamfutar ofishin makarantarsu yake shigowa, shi ya sa wani lokaci nake jin hadda tana tashi a bayansa. A mako na uku ya tambaye ni me ya sa na ce wata yana zagaye ƙasa a kwana ashirin da bakwai, alhali su a lissafinsu ashirin da tara ne ko talatin. Shekara goma ina koyar da masu kimiyya, ba wanda ya taɓa kama ni a nan. Na bar abin da na shirya, muka ƙare darasin a kan tambayarsa.

Yau yanayin shekara na koyar. Ina cikin bayanin karkatar ƙasa sai Dauda, wani ɗan shari'a mai bakin tsiya, ya buɗe makirfo.

"Malama, aikin watan nan fa? Ya ɓace a shafi. Ko kusufi ya yi?"

Wasu suka yi dariya. Na ce an ɗage. Muryata ta fito siririya, har na yi tarin ƙarya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Talata, 15 ga Oktoba, 7:30 na safe

Kwana shida. Ba wanda ya kira ni.

Laraba, 16 ga Oktoba, 2:00 na rana

Aziza ta ce labari ya zagaye aji. Wasu sun yaga shafukansu, wata ta jefa ma'auninta a shadda. Ta kuma faɗa min, tana ta ba da haƙuri, wai fiye da rabin ajin ba su taɓa fita ba. Akwai manhajar da ke nuna inda wata yake, daga ita suke kwafe lambobin suna zaune a ɗaki.

Na yi dariya har hawaye. Ashe malalatan nan da nake zagi su ne masu hankali. Wanda ya ji maganata, ya yi alwala, ya yi magariba, ya ɗauki zarensa ya fita, shi ne yake can.

Kafin ta kashe ta ce, "Malama, akwai abin da za a yi?"

Na ce ana kai. Su wa ke kai? Ban sani ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, 7:05 na yamma

Wata ya cika. Daga tagar kicin yake fitowa, ta bayan tankin maƙwabta. Na ja labule.

Asabar, 19 ga Oktoba, 4:20 na yamma

Na ce zan je Babbar Kasuwa sayen labule. Na fita da katin aikina a jaka, na juya mota na yi arewa, hanyar wancan wurin. A hanya na shirya abin da zan ce: ni ce malamarsa, ni na sa shi. Kalma bakwai. Na maimaita su har gadar Kawo. Na zagaya na dawo.

Don kada in shiga gida hannu rabbana, sai da na je kasuwar na sayo labulen da ba na buƙata. Ruwan ƙasa ne, mummuna.

Lahadi, 20 ga Oktoba, 9:00 na safe

Ba wanda ya kira ni. Kullum haka nake rubutawa, kamar wani abin kirki na yi.

Litinin, 21 ga Oktoba, 5:45 na yamma

Sun zo gida. Ba waɗanda nake tsoro ba.

Na buɗe ƙofa na ga wata doguwar budurwa da tabarau. Sai da ta yi sallama na gane Aziza ce. A bayanta wata mace ce da hijabi ruwan toka da goyo. Aziza ta ce, "Malama, matar Malam Sharhabil ce, Hasiya. Ta ce ko ban kawo ta ba sai ta bi gida-gida a Unguwar Dosa."

Ta ƙi zama a kujera. Ta zauna a kafet, ta sauke yarinyar, ta gaishe ni har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar biki ya kawo ta. Sannan ta ce:

"Malama, ki yi haƙuri mun faɗo miki ba sanarwa. Na san yanzu kike ji."

Aziza ta sunkuyar da kai. Ni kuma na gyara ɗankwali.

Kullum tana kai masa abinci bakin get ɗin wurin. Wata rana a karɓa, wata rana a ce ta koma. Sau ɗaya aka miƙo mata rigarsa ta wanke. Ba ta faɗi yadda ta ga rigar ba, ni ma ban tambaya ba. Iyaye sun fara janye 'ya'yansu daga Islamiyyar. Matan layinsu in sun hango ta sai hira ta mutu.

"Wallahi Malama wata yake aunawa. Ni na tsinko masa zaren daga kan keken ɗinkina. Har tsiya nake masa, na ce Malam, tela ka koma, za ka ɗinka wa wata riga?"

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a hanya.

Abin da ya taso ta shi ne wani mai gadi da ya ji tausayinta. Ya raɗa mata cewa ƙarshen wata za a wuce da shi gaba. Ya ce muddin yana nan akwai magana, in aka wuce da shi kuwa sai dai addu'a.

"Ni ban yi boko ba, ban san bakin da ake musu magana da shi ba. Ke kin sani."

Na ce zan je. Bakina ne ya faɗa, ni ina gefe ina kallo.

Talata, 22 ga Oktoba, 6:50 na safe

Mun yi da Baban Humaira. Ba ihu, mu ba ma ihu, da ma mun yi.

Ya ce in bari jami'a ta rubuta. Na ce jami'ar da takardar ƙarin girmana ta yi shekara biyu tsakanin hawa na ɗaya da na biyu? Ya ce in nemi lauya. Na ce lauya zai gaya musu digiri nawa wata ke matsawa a kwana? A ƙarshe na faɗa masa abin da na yi ranar Alhamis ɗin farko.

Ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sauran shayi.

"Kin goge."

"Na goge."

"To yanzu ba taimako za ki je yi ba, Rahmatu. Gyara za ki je yi." Ya tashi ya ɗauki hularsa. "Jibi zan kai ki. Zan ce musu a ofis ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba."

Laraba, 23 ga Oktoba, 3:15 na yamma

Na kira Farfesa don ya ba ni takarda mai hatimin sashe. Ya ce yana Zariya, sabis ba kyau. Ina jin ƙarar fankar ofishinsa, wadda duk sashen ya san kukanta.

Aziza ta bi ɗalibai ta roƙi littattafansu. Cikin tamanin da biyu, bakwai ta samo. Na Dauda yana ciki, kuma abin mamaki shi ya fita da gaske: ya zana tankin gidansu kamar tukunyar da aka ɗora a kan sanduna. Ya aiko da saƙo wai in an tambaya, shi sunansa ba Dauda ba ne.

Na buga takardar aikin daga kwamfutata. Na buga jadawalin inda wata yake a sararin Kaduna daga biyar ga wata zuwa tara, ƙarfe bakwai saura kwata. Ban taɓa ganin lambobinsa ba, sai ƙarshen mako biyu za su miƙa. In ya yi awon ganganci, ko ya riƙe ma'aunin a juye kamar yadda rabin aji ke yi, na kashe shi da hannuna.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 6:40 na safe

Na nuna wa 'yata Humaira inda makullin durowa yake, na ce ko da za ta nemi wani abu. Ta kalle ni, na ce ta wuce makaranta. Na sa takalmi mai rufi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Alhamis, 5:50 na yamma

Na dawo. Bari in rubuta tun yanzu, don in na huce zan fara gyara labarin.

An hana Baban Humaira shiga, ya tsaya a gindin wata darbejiya. An karɓi wayata. Awa uku ina kan benci a wani baranda, ba wanda ya ce min ci kanki. Daga baya aka kai ni wani ofis mai sanyi, wajen wani mutum da farar riga, ba kaki ba. Bai faɗi sunansa ba. Hausarsa tas, kuma da ladabi yake magana, abin da ya fi tsorata ni.

Na faɗi kalmomina bakwai. Ya buɗe durowa ya fito da ma'aunin a cikin leda, da lamba a manne, kamar wani makami. Zaren kore ne. Ya fito da littafin. Ban taɓa ganin aikin ɗalibi mai tsabta haka ba: ga dogon ƙarfen, ga katangar har da wayar samanta, ga jinjirin wata yana hawa kullum yana matsawa hagu. Bai rubuta sunan kwas ba, bai rubuta nawa ba. Bisimilla ce kawai a sama.

Na ce, "Yallaɓai, ka rufe lambobinsa kada in gani. Ka faɗi rana, in faɗa maka abin da ya rubuta."

Ya ɗaga gira, amma ya kare shafin da hannu. "Biyar ga wata."

"Digiri ashirin, ko kusa."

"Bakwai."

"Talatin da biyar."

"Takwas."

"Arba'in da biyu."

Ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce ashirin da ɗaya, talatin da biyar, arba'in da ɗaya. Na ji kamar in faɗi in yi sujada a kan tayil ɗin. Na baje masa littattafai bakwai, na ce ga masu tankin ruwa, ga mai hasumiya, duk lambobin ɗaya ne, don ba ƙarfenku suke aunawa ba. Ƙarfenku ba ya hawa digiri bakwai a kwana.

Ya kusa murmushi. Sai ya jingina.

"Dakta, ya ce mana aikin yana shafin makarantarku. Ranar Asabar, kwana uku da zuwansa, muka zaunar da shi gaban kwamfuta ya shiga da kansa. Babu komai. Daga ranar muka daina ɗaukarsa mai gaskiya. Muka ce to wa ya sa ka, wa kake kai wa lambobin? Ya rufe baki. Kin san yadda muke fassara shiru a nan."

Ya jawo biro.

"Wa ya cire aikin?"

Sunan Farfesa ya zo min har kan harshe. Na ce, "Ni ce."

"Yaushe?"

"Washegarin da kuka kama shi."

"Don me?"

"Tsoro."

Ya rubuta. Kalma ɗaya ce amma ya daɗe yana rubutu.

Sannan ya danna ƙararrawa, aka shigo da mutum uku, duk ba hula, duk kansu a ƙasa. Ya ce, "Wanne ne ɗalibinki?"

Na kalli na farko, na kalli na biyu, na kalli na uku. Innalillahi. Na ce ban taɓa ganin fuskarsa ba.

"Malamar da ba ta san ɗalibinta ba." Ya ajiye biro. Na ga duk abin da na gina yana shirin rushewa.

Na ce, "A sa su yi magana. Ko sallama ce."

Na farko ya yi, ba shi ba ne. Na biyu gajere ne, siriri, ba kamar yadda na zana shi a raina ba ko kaɗan. Ya ce, "Assalamu alaikum. Malama, ya ƙoƙari?" Muryar ta dishe, amma ita ce.

Na ce wannan ne. Aka fita da su. Da ƙyar yake taka ƙafar hagu.

Sun riƙe littattafan da kwamfutata da na je da ita. Na rubuta bayani shafi huɗu na sa hannu. Mai farar rigar ya ce kada in bar gari. Na ce shi fa? Ya ce za a duba.

Baban Humaira yana nan inda na bar shi, ko ruwa bai sha ba. Bai tambaye ni komai ba sai da muka wuce Kawo.

Asabar, 26 ga Oktoba, 10:00 na safe

Za a duba.

Litinin, 28 ga Oktoba, 1:30 na rana

Na yi aji da waya. Na ce kowa ya kunna kyamara minti ɗaya, ko a kan katifa yake. Mutum talatin da ɗaya suka kunna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kallo, har Dauda ya ce, "Malama, lafiya? Ko fasfo za a yi mana?"

Saura kwana uku wata ya ƙare. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na tashi tsaye. Yanzu ban san wanne nake jira ba, a zo a tafi da ni ko a kira a ce an wuce da shi.

Talata, 29 ga Oktoba, 4:10 na yamma

Aziza ta kira tana kuka, sai da na daka mata tsawa na gane abin da take faɗa. Sun sake shi da azahar. Kwana ashirin.

Na zauna a ƙasan kicin. Na zaci zan ji sauƙi.

Asabar, 2 ga Nuwamba, 6:00 na yamma

Na je gidansu. Ɗaki biyu ne a gidan haya, keken ɗinki a baranda. Yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafa ɗaya. Da ya gan ni ya dafa bango zai tashi, na rantse masa ya zauna, duk da haka sai da ya tashi.

Hasiya ta rasa inda za ta sa ni. Ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gan ni. "Ita ce. Ranar Litinin ta ji, ranar Alhamis tana can cikinsu. Mace guda! Maza nawa suka ji tun farko suka shige ɗaki?" Ta fita sayo lemo duk da na ce ta bari.

Muka rage mu biyu da 'yar tasu tana wasa da murfin kwano. Tun daga gida na shirya maganar. Na ce, "Malam, akwai abin da ya kamata ka sani game da shafin nan."

"Na sani, Malama."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da suka zaunar da ni, na ga aikin mako na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Na biyar ne kawai babu. Ai sabis ba ya zaɓe. A nan na gane labari ya iso miki."

Na ce to me ya hana ka ba su sunana? Da ka faɗa, da a ranar sun zo sun ɗauke ni, da ba ka yi kwana ashirin ba.

"Kullum sai sun tambaya." Ya gyara zaman ƙafar da hannu biyu. "Na ce a raina, wanda ya goge abu tsoro yake ji. Ni na riga na shiga, ban ga amfanin mu zama biyu ba. Kuma ke malamata ce. Ba a haka muka taso ba."

Na so ya zage ni. Wallahi na so.

Muka ji takun Hasiya a soro. Ya rage murya.

"Alfarma ɗaya, Malama. Kada ki faɗa mata. Kwana ashirin ba ta ga mutumin kirki ba sai ke. A bar mata."

Ta shigo da lemo biyu masu sanyi, ta durƙusa ta buɗe min, ta ɗaga hannu ta fara addu'a. Allah ya tsare min 'ya'yana. Allah ya ba ni wanda zai tsaya min ranar da na shiga uku, kamar yadda na tsaya musu ba tare da jinkiri ba.

Yana kallon tabarma. Na ce amin.